Fuskar Da Na Tura Ma Yayana

Ƙanƙara, Jihar Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ɗiyata Asma'u, wadda bakina ba ya iya kiran sunanta don sunan mahaifiyata ne, sai dai in ce Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah shi tsare ki a hanya da masauki, shi haɗa ki da mutanen kirki a inda aka tura ki bautar ƙasa. Na sa mahaifiyarki ta tura takardar can ƙasan jakarki don kada ki gan ta sai kin yi nisa da gida. Ba zan iya zama ina kallonki kina karanta ta ba.

Labarin gida kuwa ita za ta riƙa ba ki. Ni magana ɗaya gare ni, kuma maganar waya ce. Daga yau, shekara guda cur, yawancin masu sonki ta waya za su riƙa jin ki, mutanen da za ki yi aiki ƙarƙashinsu ma ta nan za su fara auna hankalinki. Ni kuwa waya ta kunyata ni har sau uku, kuma duk ukun da abu guda ne.

Kin san 'yan fuskokin nan masu ruwan ɗorawa da ake liƙawa a ƙarshen saƙo, waɗanda kuke ce ma imoji. A cikinsu akwai wata da bakinta ya karkace gefe guda, girarta a ɗage, idanunta na kallon gefe kamar tana satar kallon wani. Ita nake nufi.

A shekarar da kika shiga jami'a na sayi babbar waya, ina hedimasta a lokacin. Malamaina suka buɗe guruf na makaranta suka sa ni ciki. Na ga kowa yana liƙa fuskoki, sai na ce bari ni ma in zaɓi tawa. Wata ta wage baki duk haƙora waje, wata tana dariya har da hawaye, wata ta zaro harshe. Na ce waɗannan duk na yara ne. Da na ga mai karkataccen bakin nan sai na ce yauwa, ga murmushin dattijo, na mai kamewa, wanda ba ya nuna haƙori. Ban tambayi kowa ba. Hedimasta ne ni, shekara ashirin da wani abu ana tambayata, ban saba tambaya ba.

Akwai wata malama a makarantar, Malama Hadiza, mai aji huɗu, matar aure ce mai 'ya'ya uku. Wata rana masu duba makarantu suka zo suka yabi ajinta ƙwarai. Na ji daɗi, na yi niyyar in ba ta shugabancin kwamitin jarrabawa. Sai na rubuta mata ita kaɗai: "Malama, yau kin burge ni. Ki same ni ofis in an tashi yara." Na liƙa fuskar nan na tura.

Ba ta zo ba. Washegari muka haɗu bakin aji, ta sunkuyar da kai ta wuce ko gaisuwa babu. A kwana na uku sai ga ta bakin ofis tare da Malam Nura, wani matashin malami mutumin Sabuwa da aka kawo mana bai daɗe ba. Ita ta tsaya a waje, shi ya shigo ya durƙusa.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, in ba za ka ji haushi ba, wagga fuska da kake turawa, ka san abin da take nufi?"

Na ce, "Murmushi mana. Mi ya faru?"

Ya murza hularsa a hannu. Sannan ya yi mani bayani a hankali, kamar yadda ake koya ma ɗan aji ɗaya baƙi. Ya ce ba murmushin farin ciki ba ne. Ya ce ana tura ta in ana yi ma mutum gatse, ko in ana so a ce mashi na gano ka, ko in mutum ya yi galaba yana jin kansa. Ya ce abokan wasa kan tura ma juna don tsokana, ba komai. Sai ya ƙara yin ƙasa da murya ya ce, "Amma in namiji ya tura ma mace, musamman a bayan magana irin wagga, to yana nufin akwai wata magana ƙarƙashin maganar."

Uwata, na ji zufa ta keto mani har cikin hula. Na ɗauki wayar na sake karanta abin da na rubuta da idon da matar nan ta karanta shi, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwana uku baiwar Allah tana tunanin ko ta bar aikin, ko ta gaya ma mijinta, ko ta yi shiru. Da la'asar na tafi gidansu da ƙafata, na zauna a zaure na yi ma mijinta bayani, na ba su haƙuri. Mutumin kirki ne, har ya yi dariya daga baya. Amma har na yi ritaya Malama Hadiza ba ta ƙara shiga ofishina ita kaɗai ba, kuma ban ga laifinta ba.

To ki ji. Abin da ba ki san ma'anarsa ba, kada ki tura shi, ko da kin ga kowa yana turawa. Ki tambaya, ko da wanda za ki tambaya ƙanen bayanki ne. Sannan akwai maganar da nake jin nauyin yi maki, amma ba wanda zai yi ta in ban yi ba. Can inda za ki, in wani namiji, shugabanki ne ko abokin aiki, ya rubuto maki magana ya bi ta da wannan fuska, kada ki mayar mashi da kowace fuska. Ki amsa da kalmomi tsirara, gajeru, a kan aiki. In ya kira ki ofis, ki je da wata. Mai yiwuwa jahili ne irina, mai yiwuwa kuma ya san abin da yake yi. Ba aikinki ba ne ki gwada ki gani.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne. Na biyun ba shi da uzuri.

Ya kamata in gode ma Malam Nura, don ya rufa mani asiri, bai gaya ma kowa ba. Amma zuciya ba ta da kunya. Duk lokacin da na gan shi sai in tuna ya ga hedimasta yana zufa, sai in ji ba na son ganinsa. A lokacin an fara samun iyalai da suka baro ƙauyuka wajen 'Yargoje saboda rashin kwanciyar hankali, suka zo cikin gari da yaransu. Yaran sun yi wata da watanni ba karatu, an zuba su aji ba sa gane komai. Malam Nura ya rubuta a guruf ɗin malamai cewa yana so a ba shi aji ɗaya ya riƙa koya masu karatu kafin a shiga darasin safe, kyauta. Shawara ce mai kyau. Da ni na kawo ta, da na yi alfahari da ita. Amma da Turanci ya rubuta, kuma ya yi kuskure biyu a ciki.

Ban ce mashi e ba, ban ce a'a ba. Na liƙa fuskar nan ƙarƙashin saƙonsa, ita kaɗai. Wannan karon na san abin da take nufi sarai, shi da kansa ya koya mani.

Da malamai suka ga hedimasta ya buɗe ƙofa, sai suka shigo. Wannan ya turo mai dariya da hawaye, wancan ya kwafo kuskuren ya sake rubutawa. Kafin a tashi Malam Nura ya goge saƙonsa. Ba a ƙara tada maganar ajin ba, yaran nan suka ci gaba da zama a bayan aji suna kallon allo. Da zangon ya ƙare ya nemi a mayar da shi Sabuwa. Ranar da ya zo sallama na sa hannu a takardarsa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ranka shi daɗe, ashe darasin ya shiga." Ya fita. Na zauna da biro a hannu na kasa ko ɗaga kai.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa na zaɓi fuskar maimakon in yi magana. Amsar ba ta da daɗi. Da na rubuta "Turancinka bai yi ba," da an kama ni da kalma, da wani ya ce Malam wannan bai dace ba. Ita kuwa fuskar nan ba ta da kalma. Za ki soki mutum da ita, in an tambaye ki ki ce ai murmushi ne. Abin da ya sa na so ta ke nan, kuma aikin matsoraci ne.

Saboda haka in kina da gyara, ki kira mutum gefe ki faɗa mashi da bakinki. In abin bai kai ki faɗa da baki ba, to bai kai ki liƙa mashi fuska ba. Kuma ki sani, wasan da na ƙasa zai yi a yi dariya a wuce, in na sama ya yi shi ya zama izini ga kowa. Za a ba ki ɗalibai ko wasu da ke ƙasa da ke a can. Ki kula da fuskarki a gabansu, ta waya da ta jiki.

Yanzu na zo inda na yi ta ajiye biro ina ɗauka.

Kin san Babanki Alhaji Lawal, yayana. Abin da ƙila ba ki sani ba shi ne, da mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara bakwai, shi ya bar karatun allo ya riƙe gona da shanu don in yi boko. Shi ya ɗauke ni a kekensa ya kai ni makarantar kwana, da akwatina ɗaure a baya. Yana zaune a ƙauyenmu na gado kusa da Sheme, da shanunsa goma sha ɗaya. Da ɓarayin daji suka fara matsa ma yankin, na yi ta ce mashi ya sayar da shanun ya dawo cikin gari. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyar. A wani taron suna na sake ɗauko maganar a gaban mutane, sai ya juyo ya ce, "Kai ɗan boko, mi ka sani game da saniya? Ka tsaya ga allinka." Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma na ajiye ta a ciki.

Bayan kaka aka zo aka kore shanun duka. Allah ya tsare, ba a taɓa kowa ba. Alhaji ba ya rubutu, sai ɗansa Kabiru ya riƙe mashi waya ya yi magana da murya a guruf ɗin dangi. Kin ji wannan saƙo, na sani. Yana kiran shanun da sunansu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan wadda ta fito daga tsatson shanun mahaifinmu sai muryarsa ta sarƙe. 'Yan uwa suka yi ta turo innalillahi da addu'o'i.

Ni ina zaune ƙarƙashin darbejiyar makaranta, lokacin tara, yara suna ta guje-guje. Na saurari saƙon sau biyu. Na ji tausayinsa, wallahi na ji. Amma ƙarƙashin tausayin akwai wata murya tana cewa, to ga ɗan boko. Na buɗe wajen fuskoki, na wuce mai hawaye, na wuce hannuwan addu'a, na taɓa mai karkataccen baki. Ba kuskuren yatsa ba ne. Na duba ta, na tura.

Can sai Kabiru ya rubuta, "Baba Malam, mun gani. Mun gode." Ƙannensa suka fara magana mai zafi. Sai ga ki kin shigo guruf ɗin daga can jami'a. Har yau ina iya karanto abin da kika rubuta ba tare da na duba ba. Kika ce, "Don Allah ku yi haƙuri. Wallahi tallahi Baba bai san ma'anarta ba, shi a wajensa murmushin ban haƙuri ne. Ni na san mahaifina."

Na karanta. Na ga ƙofa a buɗe, na bi ta. Na rubuta, "Haka ne, ban sani ba. Allah shi mayar da alheri."

Uwata, na sani. Na fi shekara da sani. Kin yi rantsuwa da sunan Allah don ki kare ni, ni kuma na laɓe a bayanki. Kabiru bai yarda ba, kuka yi cacar baki, har ya ce maki 'yar boko ɗiyar ɗan boko. Ku da kuka tashi tare, kuna cin tuwo kwano ɗaya in mun je hutu, yau shekara biyu gaisuwarku ba ta wuce ina kwana. Na sha jin kina ce ma mahaifiyarki mutanen Faskari, wato iyalin Alhaji, ba su da yafiya. Ina ji, ina shiru. Laifin da kika ɗora masu nawa ne.

Na tambayi limaminmu, ba tare da na faɗi suna ba, hukuncin wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne alhali ba haka ba ne. Ya ce babu komai a kansa, nauyin yana kan wanda ya sani ya yi shiru. To ki kwantar da hankalinki ta wannan gefe.

Watan jiya, da takardarki ta tafiya ta fito, na kasa zama. Na hau mota zuwa Faskari, inda Alhaji ya koma da iyalinsa. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana tufka igiya. Abin da yake kaiwa kasuwar Sheme ke nan yanzu, igiyar ɗaure shanun wasu. Muka gaisa. Na cire takalmi na zauna a ƙasa, ba kan tabarmarsa ba.

Na ce, "Yaya, na zo da magana. Abin nan da na tura ranar da aka kore shanu, na ce ban san ma'anarsa ba. Ƙarya na yi. Na sani."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Ai na sani."

Na ɗago na dube shi.

Ya ce, "Kabiru ya nuna mani. Ni ban san waya ba, amma na san fuskar. Ranar da ka dawo hutun farko daga makarantar kwana, na ce ka karanta mani takardar asibitin Inna, da ita ka dube ni kafin ka karanta. Ba waya ta koya maka ba, Isiyaku. Ta dai samo maka hotonta."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba, ni da furfurata, a bakin titi, mutane suna wucewa. Na ce ya yafe mani. Ya ajiye igiyar ya ce shi ya yafe tun tuni, shanu na Allah ne, kuma maganar da na yi ta sayarwa gaskiya ce, shi ma bai kyauta ba da ya yarfa ni a taro. Sannan ya ce, "Abin da ya tsaya mani a rai ba wannan ba ne. Yarinyar nan da ka bari ta rantse. Ka gaya mata?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka fara da inda bai kamata ba. Tashi mu ci abinci, ka koma ka gaya mata."

Na dawo da niyyar in gaya maki a ranar. Sau uku ina kiranki zaure, in kin zo kin durƙusa sai in ce ki kawo mani ruwa. Shi ya sa kika ga takarda.

Na nemi lambar Malam Nura ma na kira shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba komai ranka shi daɗe, ya wuce. Ya ce ajin safen nan ya buɗe shi a Sabuwa, yana tafiya. Ya yi mani ladabi ƙwarai, irin ladabin da ake yi ma wanda ba a son doguwar magana da shi. Ban nemi fiye da haka ba, don ban cancanta ba.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan na ukun. In wani ya ƙi shawararki kuma abin da kika ji tsoro ya same shi, wannan ranar ba ranar tuna mashi ba ce, ko da kalma, ko da fuska, ko da irin shirun nan mai magana. Ki ajiye wayar. In da hali ki je, in babu ki kira ya ji muryarki. Ranar rasuwa, ranar asara, ranar rashin lafiya, ba a aika ɗan hoto. In kuma kin yi kuskure, ki amsa shi a ranar, da girmansa. Da na ce "na yi, ku yafe mani" a wannan hantsin, da kunyar yini ɗaya ce. Na guje mata, na kwashi ta shekara biyu, na kuma shafa maki.

Ban ce ki daina wasa ba. Ke da ƙawayenki da taubasanki ku tsokani juna, ku tura duk fuskar da kuka ga dama, matuƙar wadda aka tura mawa za ta yi dariya tare da ku. In kin san ita kaɗai ce ba za ta yi dariya ba, ki fasa.

Kuma kada ki ƙara rantsuwa a kan zuciyar wani, ko da ni ne. Ki ce "ina kyautata mashi zato," ya isa.

Na yi niyyar in yi magana da muryata a guruf ɗin dangi in faɗi gaskiya, yadda kowa ya ga abin haka kowa zai ji gyaransa. Amma sunanki yana cikin maganar, don haka ba zan yi ba sai kin karanta wannan kin ce in yi. Kabiru kuma ki bar mani shi, ni zan je in same shi. Ba ke za ki fara ba shi haƙuri ba.

Uwata, ki yafe mani. Ban saba roƙon ɗiyata ba, ban san yadda ake tsara shi ba, iyakar abin da na iya ke nan. In kin ji ba ki son jin muryata tukuna, ki kira mahaifiyarki ki shaida mata kin sauka, ni zan ji daga gare ta. Ba zan yi fushi ba.

Allah shi tsare mani ke daga sharrin hanya da sharrin mutane, da sharrin abin da hannu ke aikawa kafin hankali ya iso. Allah shi ba ki lafiya da abokan zama nagari, shi sa ki gama lafiya ki dawo ki same mu lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki yi tafiyar da ba dole ba. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Alhaji ma ya ce in gaishe ki, ya ce in kin zo hutu ki fara sauka Faskari kafin Ƙanƙara.

Allah shi yi maki albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isiyaku.